Yadda likita daga Kebbi zai ƙware a kan dajin ciki da hanji

Duk likitan da ya yi aiki a babban asibiti a Argungu, ko Yawuri, ko Zuru, ya san majinyacin da nake nufi. Magidanci ne da bai wuce shekara 45 ba, ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, ya sha sassaƙe da jiƙo da sunan maganin basir har aljihunsa ya ƙare, ba a kawo shi asibiti ba sai da ciki ya kumbura, bayan gida ya tsaya. Akwai kuma saurayin da idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, alhali hantarsa ta yi tauri kamar dutse. Saboda irin waɗannan mutane ake neman wannan ƙwarewa, kuma su ya kamata likita ya riƙa tunawa a duk zaɓin da zai yi a kan hanyar, domin horon da bai dace da majinyacin da za ka dawo ka tarar ba rabin amfani ne.

Farkon aiki shi ne ka san ƙofar da za ka shiga. Dajin bututun abinci, da na ciki, da na hanta, da na fankiriyas, da na babban hanji da dubura, ba fannin mutum ɗaya ba ne. Akwai likitan fiɗa mai cire tsiron, akwai likitan ciki da hanta mai leƙawa da na'ura ya ɗebo nama don gwaji, akwai likitan daji, wanda a Najeriya galibi shi ke haɗa allurar kemo da gashi, wato ƙona tsiron da hasken na'ura, sannan akwai mai duba naman a ɗakin gwaji, wanda sai da sa hannunsa ake tabbatar da cewa daji ne. Matasa sun fi rububin fiɗa. A ganina, wanda ya zaɓi leƙen ciki da hanji ko duban nama ba ƙaramin giɓi zai cike mana ba, saboda a waɗannan wurare biyu ne majinyatanmu suka fi ɓata makonni suna jira.

Matakan farko kowa ya san su: digirin likita na shekara 6, shekara guda ta sanin makamar aiki, cikakkiyar rajista da Majalisar Likitoci ta MDCN, sannan hidimar ƙasa. Daga nan sai jarrabawar share fage ta ɗaya daga kwalejojin ƙwarewa, wato Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, ko takwararta ta likitocin da ba sa fiɗa. Ana yin jarrabawar sau biyu a shekara, kuma shawarata ita ce a zauna mata tun karatun sassan jiki da aikinsu bai dushe a ƙwaƙwalwa ba. Bayan an samu gurbi, horon kan ci shekara 5 zuwa 6 idan babu tsaiko, da jarrabawar kashi na ɗaya a tsakiya, da ta kashi na biyu tare da kundin bincike a ƙarshe.

Zaɓen asibitin da za a yi horon shi ne wurin da ya kamata a tsaya a natsu. Kafin ka karɓi gurbi, ka tabbatar kwalejin ta amince da wannan sashe, kuma ka gano ko amincewar cikakkiya ce ko ta wani ɓangare, domin idan ta ɓangare ce dole ka fita wani asibitin ka cika watannin da suka rage. Mai zaune a Birnin Kebbi na iya farawa a asibitin tarayya na garin, amma zai buƙaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙasa a Abuja. Kada ka tsaya ga abin da ke rubuce. Ka je da ƙafarka ka tambayi waɗanda ke cikin horon: tiyatar hanji nawa ake yi a wata, shin na'urar leƙen hanji tana aiki a halin yanzu, kwana nawa sakamakon nama ke ɗauka, kuma shin manyan likitoci suna miƙa wa na ƙasa wuƙa ko kallo kawai ake yi. Mai sha'awar dajin babban hanji ya sa Ile-Ife a lissafinsa, inda Farfesa Isaac Alatise da Dakta Peter Kingham na asibitin Memorial Sloan Kettering da ke Amurka suka kafa ƙungiyar bincike ta ARGO a 2013, wadda ta mayar da hankali sosai a kan wannan ciwo a tsakanin 'yan Najeriya.

A cikin horon, littafin da kake rubuta ayyukan da ka yi shi ne shaidarka, don haka kada ka bari ya taru sai gab da jarrabawa. Abin da ya fi littafin kuwa shi ne hannu. A wajenmu tsiron babban hanji yakan fito a ƙasa, kusa da dubura, kuma yakan kama mutane da ƙuruciyarsu fiye da yadda ake gani a Turai, saboda haka yatsa cikin safar hannu yana gano da yawa daga ciki kafin a kai ga kowace na'ura. Likitan fiɗa ya dage ya koyi cire dubura tare da dukan kitsen da ke kewaye da ita ba tare da ya yage shi ba, dabarar da Bill Heald na Ingila ya bayyana a 1982, wadda ta rage dawowar ciwon ƙwarai. Ya kuma saba da tambayar mai duban nama ko kaluluwar da aka ciro ta kai 12, domin ƙasa da haka ba a cika tabbatar da matakin da ciwon ya kai ba, kuma a kan matakin ne ake yanke shawarar ba da kemo irin su FOLFOX ko CAPOX. Kundin bincikenka ma ka gina shi a kan mutanenmu, misali tsawon lokacin da ke tsakanin fara ganin jini da zuwa asibiti.

Hanta tana da nata hukunci. Yawancin dajin hanta a ƙasashenmu daga ƙwayar ciwon hanta nau'in B yake tasowa, sannan gubar afalatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya tana ƙara masa ƙarfi. Mafi yawan masu shi suna zuwa ne bayan lokacin tiyata ya wuce. Don haka mai neman ƙwarewa ya koyi abin da ke tare ciwon tun daga nesa: rigakafin jariri cikin awa 24 da haihuwa, maganin tenofovir ga wanda ya cancanta, da hoton ciki duk wata 6 ga masu haɗari.

Fita waje ta fi amfani bayan an gama kashi na biyu, lokacin da ido ya buɗe har mutum ya san abin da ya je nema. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Duniya, UICC, tana ba da tallafin gajeren horo, kuma ga mutanen Kebbi sunanta ba baƙo ba ne, tunda a 2024 aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, matar tsohon gwamnan jihar, a matsayin shugabarta mai jiran gado. Asibitin Tata Memorial a Mumbai da Cibiyar Daji ta Ƙasa a Alƙahira suna ganin majinyata masu yawa, waɗanda yanayinsu ya fi kusa da namu. Tambayar da za ka fara yi kafin ka biya kuɗin jirgi ita ce ko za a ba ka izinin taɓa majinyaci, domin wata 3 na aiki da hannu ya fi shekara guda ta tsayuwa a bayan wani. Batun kuɗi kuma a rubuta shi: hutun karatu da albashi, sharaɗin shekarun da za ka dawo ka yi wa jiha, da rabonka daga asusun horon ƙwarewa da dokar 2017 ta tanada.

Akwai darasin da ba a cika koyarwa a aji ba, wato yadda za a gaya wa dattijo cewa za a buɗe masa ƙofa a ciki, bayan gida ya riƙa zuba a leda. Da yawa suna ƙin tiyatar ne don tsoron tsarki da salla. Likitan da ya san hukuncin mai lalurar da ba ta yankewa, ya kuma samu malamin da iyalin suka yarda da shi ya yi musu bayani, zai riƙe majinyacin da wani zai rasa. Haka nan muna matuƙar buƙatar likitoci mata a wannan fanni, saboda kunya tana hana mata da yawa yarda namiji ya duba su. A koyi amfani da mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, kuma ba tare da fargaba ba, domin wanda ba zai warke ba yana da haƙƙin kwana ba tare da azaba ba.

Shirin dawowa tun kafin tafiya ake fara shi. Ka nemi a tura nas guda ta koyi kula da ledar ciki da wanke na'urar leƙen hanji, ka san wanda zai gyara na'urar idan ta lalace, ka ƙulla zumunci da masu na'urar gashi a Sakkwato yadda majinyacinka ba zai yi tafiyar kusan kilomita 150 ya dawo ba a gan shi ba. A makonka na farko ka tsayar da rana guda da likitan fiɗa, da na daji, da mai hoto, da mai duban nama za su zauna a kan fayil ɗin kowane majinyaci, ko da wasunsu ta waya za su shigo, sannan ka buɗe rajistar da za a riƙa rubuta shekarunsa, da garinsu, da matakin ciwonsa, da lambar ɗan'uwan da za a kira idan ranar dawowarsa ta wuce.