Yadda ake sanar da kamfanin inshora idan an yi ƙaramin haɗarin mota

A titunan Kano ko Kaduna, idan mota ta gogi wata ko ta doke ta ta baya, abin da aka saba gani shi ne a yi ta jayayya, 'yan kallo su shiga tsakani, daga ƙarshe wani ya ciro kuɗi daga aljihunsa a tafi gareji. Alhali tun daga 1 ga Janairun 2023, lokacin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar ɓangare na uku naira 15,000 ga motar gida, wannan inshora tana ɗaukar nauyin ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3. Abin takaici ne mutum ya biya inshora sannan ya sake biyan gyara.

Da farko ka tabbatar babu wanda ya ji rauni. Idan akwai, ka kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122. Idan ƙarfe ne kawai ya taɓu, ka ɗauki hotuna kafin a gusar da motocin: lambobinsu, fitilar da ta fashe, fentin da ya ɗaye a jikin ƙofa, da yadda kowace mota take tsaye a kan titi. Bayan haka a janye su gefe, ka karɓi sunan ɗaya direban da lambar wayarsa da sunan kamfanin inshorarsa, haka ma na wani shaida idan an samu.

A nan ne mutane da yawa suke ɓata lamarinsu. Yi wa mutum sannu da ba shi haƙuri tarbiyya ce, amma kada ka sa hannu a takardar amsa laifi, kuma kada ka yi alkawarin biyan ko sisi, domin sharuɗɗan inshora yawanci sun bar wa kamfani hurumin tantance mai laifi, kuma yana iya ƙin biya idan ka riga ka yanke hukunci da kanka.

Ka sanar da kamfanin inshorarka ko dillalin da ya yi maka ita a ranar, ta waya sannan a rubuce, domin jinkiri kan zama hujjar ƙin biya. Za su ba ka fom ka bayyana rana da lokaci da wuri da yadda abin ya faru, ka haɗa da kwafin lasisin tuƙi, takardun mota, takardar inshora, hotunan, da kiyasin kuɗin gyara daga bakanike. Idan akwai saɓani kan mai laifi, ka nemi rahoton 'yan sanda.

Kada a taɓa motar da guduma ko fenti sai jami'in kamfanin ya duba ta ya amince da kiyasin. Ka sani kuma inshorar ɓangare na uku ba ta gyara taka motar. Cikakkiyar inshora ce take yin haka, ita ma akwai wani kaso da kai za ka biya, wanda yake rubuce a takardarka.

Idan an daidaita, za a ba ka takardar sallama, wato ta amincewa da kuɗin da za a biya, ka sa hannu kafin a biya, saboda haka ka karanta adadin da kyau. Idan kamfanin ya yi ta jan ƙafa, ka kai ƙorafi a rubuce ga NAICOM tare da kwafin duk wasiƙun da kuka yi musaya.