Ɗaukar Bidiyon Biki a Ƙauye: Shiri Tun Daga Gida

Ɗaurin aure da wuya ya wuce minti goma. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, liman ya yi addu'a, a shafa Fatiha, sanƙira ya sanar. Ba wanda zai maimaita maka wannan don batirinka ya mutu. In an gayyace ka aiki a ƙauyukan Gumel, Ringim, Bichi ko Gaya, ka gina duk shirinka a kan waɗannan mintuna, domin abin da ka manta a gida ba za ka same shi a can ba.

Kada ka dogara da wutar gari. Batirin ƙaramar kyamara bai cika wuce awa ɗaya da rabi yana ɗauka ba, don haka ka tafi da huɗu ko biyar a cike, da fawa banki babba. In za ka yi caji da ƙaramin janareta, fawa bankin za ka jona, kada ka jona kyamara kai tsaye, saboda wutarsa tana hawa tana sauka, tana ƙona caja. Katin ajiya kuwa lissafi ne: ɗaukar 4K, wato bidiyo mai fitowa tar sosai, a kan saitin inganci na 100 Mbps tana cin kusan GB 45 a awa ɗaya. Katuna uku masu GB 64 sun fi ɗaya babba, in ɗaya ya lalace ba a rasa duka ba.

Inda aka fi yin asara shi ne sauti. Iyali za su yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba za su yafe ba in ba a ji muryar mahaifinsu yana bayar da 'yarsa ba. Makirufon da ke jikin kyamara hayaniyar taro kawai yake kwasa. Ka isa da wuri da ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a riga, ka durƙusa ka gai da liman, ka ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni izini in maƙala wannan a riga." Ka maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda shadda mai sitaci ba za ta riƙa gogarsa ba. In bai amince ba, ka ajiye rikoda ko waya a kan tabarma tsakaninsa da waliyyi. Saita ƙarfin murya ya riƙa tsayawa wajen −12 dB a ma'aunin sauti na na'urar, ka sa abin sauraro a kunne, ka rufe makirufon da sosonsa saboda iska. Wajen ɗaurin aure ba a tafa hannu, balle ka yi amfani da ƙarar tafin wajen haɗa sauti da hoto, saboda haka ka bar makirufon kyamara yana aiki, da shi za ka daidaita sautin da ka ɗauka daban lokacin tacewa. Janareta kuma a roƙi masu gida su kai shi bayan katanga.

Sai haske. In bayan sallar Juma'a aka ɗaura, rana tana tsaka, kowa ya sha farar babbar riga. Kyamarar da aka bar ta ta saita kanta za ta bi farin rigunan ta rage haske, fuskoki su koma baƙi ƙirin. Ka saita da hannu, ka auna da fuskar ango, ka ɗaura gilashin rage haske na ND. In taron yana ƙarƙashin darbejiya ko rumfa, tsaya ta yadda filin rana ba zai faɗo a bayan mutanen ba. A ɗakin amarya, ka haska fitilarka a bango ko silin ta dawo a tausashe. Wutar Nijeriya 50 Hz ce, shi ya sa ake ɗauka a firam 25, wato hotuna 25 a daƙiƙa, da saurin shata 1/50, don kada hasken ƙwai ya sa layuka su riƙa yawo a hoton. In duk da haka layuka suna yawo a hoton, janareta ne bai daidaita ba: kashe ƙwan ɗakin, ka yi aiki da fitilarka.

A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kyamara ta kashe kanta. Sa yaronka ya riƙe lema, ka janye allon daga jikinta ta sha iska. Da hunturu kada ka canza lens, wato gilashin gaban kyamara, a fili, kuma kada ka goge ƙura da gefen riga, tana karce gilashi.

Cikin gida yana da ƙa'idarsa. Kamu, sa lalle da yini na mata ne, kuma a gidaje da yawa namiji baƙo ba ya wuce zaure. Mafi sauƙi ka koya wa mace aikin, ta shiga da kyamara ta biyu. Ta fara da uwar biki: "Hajiya, su wa za a ɗauka, su wa ba a so su fito?" Matar auren da ta ja mayafi ta kau da kai ta riga ta ba da amsa, a cire ta wajen tacewa. Kada ko daƙiƙa ɗaya ta hau TikTok ko Facebook sai ango da iyayen amarya sun yarda.

Daren da ka dawo, ka kwafe komai wuri biyu kafin ka goge kati. Ka fitar da aikin kashi biyu: cikakke a filashi don talabijin, da ƙarami na 720p da 'yan uwa za su tura wa juna ta Xender, tunda sabis a ƙauye ba ya ɗaukar babban fayil.