Ga 'yan'uwa sababbin zuwa Manchester, kafin ku shiga taron kiɗan rok

Duk watan Satumba ɗalibanmu sababbi suna sauka a wannan gari, kuma da wuya zangon karatu na farko ya ƙare ba tare da wani cikinsu ya tsinci kansa a taron kiɗan rok ba. Wani abokin ajinsa ne zai gayyace shi, wani kuma neman abin rufin asiri ne zai kai shi, tunda bizar ɗalibi mai karatun digiri tana ba shi damar aikin sa'a 20 a mako lokacin karatu, kuma aikin duba tikiti da nuna wa mutane kujera yana cikin waɗanda ake samu da sauri. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Wanda ya ga wurin bai dace da shi ba ya zauna a ɗakinsa, babu wanda zai ga laifinsa. Maganata da wanda zai je ne, domin a bana kaɗai na ga ƙannenmu uku sun maimaita kurakuran da na yi a shekarata ta farko, kuma dukansu sai da aski ya zo gaban goshi suka neme ni.

Batun lokaci da kaya ba shi da wahala. Yawanci lokacin da aka rubuta a tikiti na buɗe ƙofa ne, daga nan wata ƙaramar ƙungiya za ta share fage, manyan su fito wajen ƙarfe tara saura, a tashi kafin ƙarfe goma sha ɗaya na dare saboda sharuɗɗan lasisin wurin. Ba biki ba ne da za a jira isowar manyan baƙi. Yawancin manyan wurare ba sa barin jakar da ta fi faɗin takardar rubutu, kuma za a caje ka a ƙofa. Kada ranka ya ɓaci da cajin, domin garin nan bai manta daren 22 ga Mayu 2017 ba, lokacin da harin bam ya kashe mutum 22 a Manchester Arena bayan an tashi daga wasa. Ka zo da katin banki saboda wurare da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, ka duba lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe, ka kuma tsara sallarka tun daga gida, tunda a tsakiyar bazara magariba tana wuce ƙarfe tara da rabi.

Tikiti shi ne inda aka fara cin amanata, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wasan da na so zuwa tikitinsa ya ƙare cikin ƙanƙanin lokaci, sai na ga wani a intanet yana cewa uzuri ya taso masa, zai sayar da nasa a kan kuɗin da ya saya. Ya yi mini magana cikin ladabi, har da hotonsa da 'ya'yansa a shafinsa. Ya ce in tura kuɗin kai tsaye ta banki, na tura fam 90, wanda a lokacin ya kusan kai kuɗin cefanena na mako biyu, shi kuma ya aiko mini da hoton tikiti a waya. Ranar wasan na yi layi na kusan sa'a guda a cikin yayyafi. Da na iso ƙofa yarinyar da ke riƙe da na'ura ta haska wayata, na'urar ta nuna ja, ta sake haskawa, ta sake nuna ja. Ta ce mini cikin tausayawa wannan hoto ne kawai, kuma ni ne na huɗu da ya kawo mata irinsa a daren. Na koma gefe ina kiran lambar mutumin, ashe tuni ya toshe ni. Na hau bas na koma gida da rigar sanyi a jiƙe, kunya ta hana ni gaya wa kowa har tsawon wata guda.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne cewa tikitin manyan wasanni yanzu yana zaune ne a cikin manhajar kamfanin da ya sayar da shi, kuma a wasanni da yawa lambar da ake haskawa tana sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka hotonta ba ya buɗe ƙofa. Wanda yake da tikiti na gaskiya yana iya tura shi daga asusunsa zuwa naka ta cikin manhajar, ka gan shi da sunanka. In ya ce ba zai iya ba, ko ya fara kawo dalilai, to ka riƙe kuɗinka. Akwai hanyoyin sake sayarwa da masu wasa da yawa suka amince da su, irin su Twickets, inda ba a barin mai sayarwa ya ɗora riba a kan kuɗin da ya saya. Kuma biya da kati ya fi tura kuɗi zuwa asusun wanda ba ka sani ba, domin neman haƙƙinka ya fi sauƙi idan abu ya lalace. 'Yan bumburutun tikiti da ke tsayawa a bakin titi suna raɗa wa masu wucewa, su ma ka wuce su kamar ba ka ji ba.

Ko a hanyar halal ɗin ma sai ka buɗe ido. Lokacin da aka fara sayar da tikitin dawowar ƙungiyar Oasis a ƙarshen Agustan 2024, mutane sun shafe sa'o'i a layin intanet, da layi ya zo kansu suka tarar tikitin tsayuwa na kusan fam 150 ya haura fam 350, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike a kai. Wanda ya gaji da jira yana saurin danna biya kafin ya karanta adadin. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da fili kafin su haɗa masa kuɗin makaranta bai kamata ya danna komai da gajiya ba.

Idan kuwa ba ka da tikiti, kada ka je da tunanin za ka lallaɓa mai gadi ko ka bi bayan jama'a ka kutsa. Na san a gida wani lokacin magana mai daɗi da ɗan abin goro suna buɗe ƙofa, amma a nan ƙofar na'ura ce, kuma adadin mutanen da wuri zai ɗauka ƙayyadadde ne. A ranar 15 ga Disamba 2022 taro mai yawa ya yi ƙoƙarin kutsawa zauren Brixton Academy a Landan lokacin wasan mawaƙin Najeriya Asake, turmutsitsin ya yi sanadin mutuwar mutum biyu, ɗayansu daga cikin masu tsaron wurin, kuma aka rufe zauren fiye da shekara guda. Wannan a wasan ɗan ƙasarmu ya faru, saboda haka kada wani ya ce mini matsalar wasu ce.

Tikiti iri biyu ne, na zama da na tsayuwa, kuma wanda bai taɓa zuwa ba ya sayi na zama, ya kalli yadda filin yake daga sama kafin ya yi marmarin shiga. Ni na yi akasin haka. Da na samu tikiti na gaskiya bayan wata biyu, sai na kutsa har tsakiyar fili kusa da dandamali, ina ganin na samu wuri mai kyau. Ana fara kiɗa mai zafi sai na ga mutanen da ke kewaye da ni sun dare sun bar fili kamar za a yi dambe, kafin in fahimci abin da ke faruwa wani ƙato ya bangaje ni da kafaɗa har na kai ƙasa. Na tashi na cakumi wuyan rigarsa, na ɗaga hannu. Allah ya taimake ni wata mata mai furfura, wadda za ta yi sa'ar babata, ta riƙe mini hannu tana girgiza kai, sannan na lura cewa hannayen da suka ɗaga ni daga ƙasa har da na ƙaton da nake shirin mari. Wani kuma yana tsaye ya ɗaga takalmina sama yana neman mai shi.

Wannan wasan ture-ture shi suke kira mosh, kuma ko da yake daga nesa yana kama da hauka, yana da ƙa'idojin da kowa ya sani ba tare da an rubuta su a bango ba. Wanda ya faɗi, duk wanda ke kusa zai tsaya ya ɗaga shi kafin a ci gaba. Da kafaɗa da tafin hannu ake turawa, ba a kai naushi, ba a sa gwiwar hannu a fuskar mutum, ba a jawo wanda ke tsaye a gefe zuwa ciki. Masu tsayuwa a bakin da'irar su ne katanga, suna mayar da wanda ya faɗo musu cikin fili a hankali. Abin da ya faɗi, hula ko tabarau ko waya, ɗaga shi sama ake yi har mai shi ya gani. Wanda ba ya so ya ja da baya ko ya koma gefen zaure, babu mai ce masa rago. Mu da muka taso muna kallon dambe da kokawa mun san fage yana da dokarsa, kuma wanda ya kai duka bayan an raba shi ne abin kunya.

Da na kai marin nan, da abin bai tsaya a kunya ba. Masu tsaro za su fitar da ni, kuma idan mutumin ya kai ƙara maganar ta zama ta 'yan sanda. Takardun neman sabunta biza da na zaman dindindin suna tambayar ko an taɓa samun mutum da laifi ko an yi masa gargaɗi a hukumance, kuma wajibi ne a faɗi gaskiya. Bature ɗan ƙasa zai kwana ya tashi ya ci gaba da rayuwarsa, kai kuwa za ka riƙa bayanin wannan dare a kowace takarda. Haka batun taɓa mace a cikin cunkoso yake, har ma ya fi tsanani, domin laifi ne a dokar ƙasar, kuma cewa turo ka aka yi ba lallai ya fisshe ka ba. Ka ajiye hannayenka inda kowa zai gan su. Ƙannenmu mata kuma, idan wani ya dame ku, ku gaya wa ma'aikacin wurin mafi kusa, aikinsa ke nan.

Akwai bambanci tsakanin ture-turen wasa da matsi na gaske, kuma shi ne mai kisa. A bikin kiɗa na Roskilde a ƙasar Denmark, ranar 30 ga Yuni 2000, mutum tara sun mutu a gaban dandamali lokacin wasan ƙungiyar Pearl Jam, ba don faɗa ba, sai don matsin ya hana su numfashi. Alamar haɗari ita ce ka ji ba kai ke sarrafa ƙafafunka ba, taron yana kai ka yana dawo da kai kamar igiyar ruwa. A lokacin ka ɗaga hannayenka biyu a gaban ƙirji kamar ɗan dambe domin huhunka ya samu sarari, kada ka sunkuya ɗaukar komai ko da wayarka ce, kada ka yi jayayya da igiyar, ka riƙa zamewa gefe a duk lokacin da matsin ya ɗan sassauta. Idan kana gaba ne, yi wa masu tsaron da ke bayan shingen ƙarfe alama, za su ciro ka ta sama su ba ka ruwa.

Wani abin da zai ba ɗan'uwa Musulmi mamaki shi ne giya. A wasu wasannin, musamman na fili irin waɗanda ake yi a Heaton Park, idan waƙar da suke so ta fara sai su riƙa jefa kofunan roba sama da abin da ke ciki, ya zubo a kan kowa. Ba kai aka nufa ba, kuma ba wulaƙanci ba ne a ganinsu, amma kayanka sun ɓaci. Kada ka sa shaddarka mai tsada, ka ajiye wasu tufafin da za ka yi salla da su idan ka koma, ko kuma ka sayi kujera a gefe. Duk wurin da ke da lasisin sayar da giya a sha a cikinsa a Ingila dole ne ya ba ka ruwan famfo kyauta idan ka nema, saboda haka babu dalilin zama da ƙishirwa.

Liƙi kuwa a bar shi a gida. Wani ƙaninmu da kiɗa ya ratsa shi ya zaro kuɗi ya nufi dandamali kamar yadda ake yi wa maroƙa a wurin biki, bai kai ko shingen ba masu tsaro biyu suka raka shi waje. A nan yabon mai wasa tafi ne da ihu da rera amshi, wanda yake son ƙarawa kuma ya sayi riga a teburin kayan ƙungiyar. Idan an sassauta kiɗa ana waƙa mai sanyi, a yi shiru, domin hirarmu da babbar murya da muke ganin ba komai tana ɓata wa na kusa abin da ya biya kuɗi ya ji. Wanda ya makara ba ya ture waɗanda suka yi layi tun rana don ya wuce gaba, dogo yana duba wanda ke bayansa, kuma ɗaga waya sama tun daga farko har ƙarshe don 'yan gida su gani tare wa mutane ido ne. Ɗauki na minti ɗaya ka mayar da ita aljihu. Ina alfahari da cewa yaranmu da ke aiki a waɗannan wurare ana yabonsu da haƙuri da fara'a, kuma ba na so masu zuwa kallo su zubar musu da wannan mutunci.

Saura kunne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar sauti a irin waɗannan wurare ya wuce desibel 100 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), kuma ko a wannan matakin kunne ba ya jure dogon lokaci ba tare da kariya ba. A daren da na kusa marin ƙaton nan na tsaya kusa da lasifika, na kwana uku ina jin kukan gyare a kunnen hagu, har yau kuma idan ɗaki ya yi tsit yakan dawo. Abin toshe kunne na soso ana samunsa a kantin magani da kuɗi kaɗan, wasu zaurukan ma suna bayarwa kyauta idan ka tambayi ma'aikata. Ni yanzu ina ajiye guda biyu a aljihun rigar sanyina, tare da katin bas.