Darasi Na Bakwai: Idan Laftof Mai Windows Da Ubuntu Ta Ƙi Tashi Bayan Afdet

A darasin baya mun ga yadda ake ɗora Windows da Ubuntu, manyan manhajoji biyu masu tafiyar da kwamfuta, a laftof ɗaya, kowa da ɓangarensa a ma'ajiyar kwamfutar. Yau kuma maganar ranar da abu ya kwaɓe za mu yi, an danna afdet, an tafi sallah an dawo, laftof ta ƙi tashi ko kuma ta tashi amma ɗaya daga cikin manhajojin ya ɓace. Wannan yana yawan faruwa yanzu, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 kowa na ta rububin komawa Windows 11, masu Ubuntu 22.04 su ma suna hawa 24.04.

Kafin komai, kada ku yarda a yi fomat. Da yawa in ka kai wa mai gyara, abin da zai fara cewa kenan, "Alhaji sai dai a goge a sa sabo", don shi ya fi masa sauƙi. Alhali mafi yawan lokuta hotunanku da takardunku suna nan ba abin da ya taɓa su, hanyar shiga ce kawai ta lalace. Ku ɗauka gida ne mai ɗaki biyu da zaure ɗaya, zauren shi ne ƙaramar manhajar nan da ake kira GRUB wadda take tambayarku Ubuntu ko Windows duk sanda kuka kunna. In zaure ya rushe kayan ɗaki suna nan.

To yanzu ku sa caja, ku kunna, ku karanta abin da sikirin ya nuna, ku ɗauki hotonsa da waya ko da ba ku gane Turancin ba.

Idan ta zarce Windows kai tsaye ba ta tambaye ku ba, wannan shi ne mafi sauƙi. Windows ce ta sa kanta a gaba. Ku kashe, ku sake kunnawa kuna ta danna maɓallin zaɓen manhaja tun kafin tambarin kamfani ya wuce: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, Esc a yawancin Asus. Jeri zai fito, ku zaɓi ubuntu. Don kada ku riƙa yin haka kullum sai ku shiga saitin BIOS, wato saitin laftof ɗin kanta da ake shiga tun kafin Windows ko Ubuntu su buɗe, F2 a Dell, F10 a HP, ku nemo Boot Order ku ɗaga ubuntu sama da Windows Boot Manager, ku ajiye ku fita.

Amma tsaya, kafin ku taɓa komai a BIOS ku nemo lambar BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle ma'ajiya da shi. Laftof da yawa masu Windows 11 a kulle ma'ajiyarsu take ba tare da mai ita ya sani ba, kuma da an canza wani saiti sai shuɗin sikirin ya fito yana neman lamba mai alƙaluma 48. Tana cikin asusunku na Microsoft, ku shiga ta waya ku kwafe ta a takarda. Masu laftof ta gwanjo ku kula sosai a nan, in da asusun mai ita na farko aka kulle, kuma ba ku da lambar, ba wani mai gyara da zai buɗe muku wannan ɓangaren.

Wanda ya fi damun mu a nan shi ne afdet na Ubuntu da ya katse a tsakiya. Ana cikin yi NEPA ta ɗauke wuta, batirin kuma dama ba ya riƙe caji, ko data ta ƙare. Abin da ke faruwa shi ne manhajar ta riga ta cire wasu tsofaffin fayiloli ta kwance sababbi amma ba ta gama jera su ba, rabi tsoho rabi sabo, shi ya sa za ku ga baƙin sikirin da ɗan layi yana ƙyaftawa, ko rubutu yana ta gudu ya tsaya cak. Ku fara gwada danna Ctrl da Alt da F3 tare. In ta nemi suna da kalmar sirri to alhamdulillahi tana da rai, ku shigar, kuma kada ku damu in ba ku ga komai ba lokacin rubuta kalmar sirrin, haka take yi. Sai ku rubuta wannan daidai yadda yake, ƙananan baƙaƙe, da tazara inda aka bar tazara:

sudo dpkg --configure -a

Wannan yana ce mata ta ƙarasa jera abin da ta bari. Yana iya ɗaukar lokaci, ku ƙyale ta. In ta gama sai ku bi da:

sudo apt --fix-broken install

sudo apt full-upgrade

Waɗannan biyun suna son intanet, kuma sau da yawa wayfay ba ya kamawa a wannan hali, mafita ita ce ku haɗa wayarku da kebul ku kunna USB tethering a saitin wayar. In an kammala ku rubuta sudo reboot.

In ko Ctrl Alt F3 bai kawo komai ba, ku koma jerin GRUB ku zaɓi Advanced options for Ubuntu. Za ku ga layuka masu lambobi, ku gwada wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta, tsohuwar zuciyar manhajar ce da take aiki kafin afdet. Bai yi ba, ku zaɓi mai recovery mode, a ciki ku danna network sannan dpkg, aikin da muka yi da hannu ɗazu shi za ta yi da kanta.

Wani lokaci Ubuntu ta gyaru amma Windows ta ɓace daga jerin. Ku buɗe Terminal, wato wurin rubuta umarni a Ubuntu, ku rubuta sudo update-grub, ku duba ko sunan Windows ya fito a cikin rubutun. In bai fito ba, a fayil ɗin /etc/default/grub ku ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false ku sake umarnin, domin tun GRUB 2.06 aka kashe neman sauran manhajoji sai an kunna.

Akwai kuma wani saƙo da ya tayar da hankalin mutane a Agusta 2024, bayan wani afdet na Windows, yana cewa Verifying shim SBAT data failed. In shi kuka gani, ku kashe saitin tsaron da ake kira Secure Boot a BIOS, ku shiga Ubuntu ku yi mata cikakken afdet, sannan ku mayar da shi. Lambar BitLocker tana hannu tukuna.

Idan kuma abin da ya fito shi ne grub rescue> to nan sai da filash. Ku je wurin wanda kwamfutarsa ke aiki a ɗora muku Ubuntu a filash mai gigabayit 8 da manhajar Rufus, ku tashi laftof ɗin daga shi ta maɓallin nan na F12 ko F9, ku zaɓi Try Ubuntu. Ku kula, Try, ba Install ba, ni a ganina a wannan wurin aka fi yin asara saboda gaggawa. Da ta buɗe ku fara kwashe fayilolinku zuwa wani filash daban, sannan a saka Boot-Repair, manhajar da ke gyara GRUB, a danna Recommended repair.

Ɓangaren Windows ba sai mun daɗe ba. In hawa Windows 11 ya gaza yawanci da kanta take komawa tsohuwar, ku bar ta a caji kada ku kashe ko da ta yi awa tana juyi. In ta hau amma ba ta aiki daidai, kuna da kwana 10 ku koma baya ta Settings, System, Recovery.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta a littafinsa sunan kamfanin laftof ɗinsa da maɓallin da ke buɗe jerin zaɓe da na BIOS, ya gwada su a gida ba tare da canza komai ba, ya kwafo lambar BitLocker in yana da ita. Wanda yake da filash da babu komai a ciki ya zo da shi aji, za mu ɗora Ubuntu tare.