Yadda Ake Amfani da Wasan Zamiya da Sauran Wasanni Wajen Gina Matasan Afganistan

A farkon shekarar 2007 wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Oliver Percovich ya sauka a Kabul da katakon zamiya guda uku a cikin kayansa. Katakon zamiya wani ɗan siririn allo ne mai ƙananan tayoyi huɗu, wanda mutum ke hawa da ƙafa ɗaya ya riƙa tura ƙasa da ɗayar har ya ɗauki gudu. Duk inda ya ajiye shi a bakin titi sai yara su kewaye shi, maza da mata, kuma da yawansu masu talla ne da masu wankin mota. Daga baya ya riƙa haɗuwa da su a wani tsohon tafkin ado na siminti da ruwansa ya ƙafe a unguwar Makroyan, wadda aka gina da taimakon Tarayyar Sobiyet. Daga nan ƙungiyar Skateistan ta samo asali, ta buɗe makarantarta ta Kabul a watan Oktoba na 2009, ta ƙara wata a Mazari Sharif a 2013, aikin kuma ya kai Kambodiya da Afirka ta Kudu.

Fiye da rabin al'ummar Afganistan ba su kai shekara 25 ba, kuma akasarinsu a cikin yaƙi ko gudun hijira suka buɗe ido. Matakan da ke tafe sun ginu a kan abin da aka jarraba a Kabul da Mazari Sharif, domin amfanin duk mai son yi wa waɗannan matasa aiki, ko a cikin ƙasarsu ko a wuraren da suke zaman hijira.

Matakin farko shi ne a zaɓi wasan da al'ada ba ta riga ta ba shi mai shi ba. A Afganistan ƙwallon ƙafa da kurket (wasan dukan ƙwallo da sanda) da buzkashi, wato wasan da mahaya dawakai ke rige-rigen ɗauke gawar akuya, duk an san su a matsayin na maza, kuma ko hawan keke iyalai da yawa ba su yarda 'ya mace ta yi ba. Katakon zamiya kuwa baƙo ne, babu wanda ya gaji wani hukunci a kansa daga kakanninsa, har mutane da dama suka ɗauke shi abin wasan yara kawai. Ta wannan kafa 'yan mata suka shiga, har suka kai kimanin kashi 40 cikin ɗari na ɗaliban ƙungiyar, a ƙasar da ba kasafai ake ganin mace a filin wasa ba. Wani alfanun baƙon wasa shi ne kowa daga farko yake farawa. Ɗan mai kuɗi da ɗan talla, ɗan ƙabilar Pashtun da na Tajik da na Hazara da na Uzbek, duk iri ɗaya suke faɗuwa a ranar farko, kuma wanda ya riga gwanincewa shi ke riƙe hannun ɗan'uwansa ba tare da an tambayi asalinsa ba.

Wannan bai hana a yi amfani da wasannin da aka saba da su ba, musamman ga samari. 'Yan Afganistan sun koyi kurket ne a sansanonin hijira da ke kewayen Peshawar a Pakistan, kuma a 2017 ƙasar ta zama cikakkiyar mamba a hukumar kurket ta duniya, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta T20, wato gajeren nau'in kurket, a 2024. Rohullah Nikpai, ɗan wasan takwando wanda ya yi zaman gudun hijira a Iran, shi ya samo wa ƙasar lambar yabo ta farko a gasar Olamfik, tagulla a Beijing a 2008, ya sake samun wata a Landan a 2012. Yaron da ya san waɗannan labarai ba ya bukatar dogon lallashi.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne neman yardar iyaye tun kafin a tara yara. Ana zuwa gida-gida ne, a zauna a sha shayi, a yi magana da harshen Dari ko Pashto, a kuma bar uba da uwa su faɗi duk abin da ke damunsu. Idan maganar 'ya mace ce, mace ce za ta je, kuma ya kamata ta tafi da amsoshi a hannu: wace ce za ta koyar, ko namiji zai shiga wurin, ta yaya yarinya za ta je ta dawo, kuma da ƙarfe nawa za ta iso gida. Skateistan ta ware wa 'yan mata ranakunsu daban da malamai mata, ta kuma tanadi motar da ke ɗauko su ta mayar da su. Bai kamata a tsallake limamin unguwa da dattawanta ba, domin abin da suka gani da idonsu suka amince da shi ya fi wuya wani ya rushe shi da jita-jita. Akwai kuma batun kuɗi, wanda bai dace a kau da kai daga gare shi ba. Yaron da ke sayar da cingam a tsakanin motoci, ko yake yawo da gwangwanin hayaƙin espand, wani tsiro da ake ƙona 'ya'yansa don kariya daga kambun baka, yana turara wa masu wucewa don su ba shi 'yan kuɗi, sau da yawa da abin da ya samo ake sayen burodin dare. Duk sa'ar da ya yi a filin wasa asara ce ga gidansu, saboda haka sai a tsara lokaci yadda ba zai ci karo da sa'o'in da ciniki ya fi tafiya ba, a kuma ba shi abinci mai zafi a wurin.

Na uku, a samu wuri mai katanga da rufi. Kabul tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, hunturunta na zuwa da dusar ƙanƙara, bazararta kuma da ƙura mai cinye ƙananan ƙarafan da ke cikin tayoyin katako. An gina makarantar Kabul a filin da kwamitin Olamfik na ƙasar ya bayar kusa da filin wasa na Ghazi, inda aka riƙa zartar da hukuncin kisa a bainar jama'a a mulkin Taliban na farko. Rufin yana kuma kare rai. A ranar 8 ga Satumba 2012 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam kusa da hedikwatar dakarun ƙawancen ƙasashen waje da NATO ke jagoranta a Kabul, inda yara masu talla ke taruwa, kuma huɗu daga cikin waɗanda suka rasu 'yan Skateistan ne. Wanda ba shi da halin gini yana iya farawa da tsakar gida mai daɓen siminti ko ɗakin ajiya da aka share, muddin ƙofa ɗaya ce kuma an san mai shiga da mai fita.

Mataki na huɗu shi ne darasin farko, kuma a nan ake gane malamin kirki. Kafin yaro ya taɓa katako sai an sa masa hular kwano da kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu, an kuma duba an ɗaure su daidai. Daga nan a sa shi ya tsaya ƙafafu a haɗe, a ɗan tura shi daga baya a hankali. Ƙafar da ya fara jefawa gaba don kada ya faɗi, yawanci ita ce za ta zauna a gaban katako. Ana fara hawa ne a kan darduma ko ciyawa inda tayoyi ba za su gudu ba, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ido yana kallon gaba. Sai an koya masa yadda ake faɗuwa, wato ya durƙusa a kan kariyar gwiwa ko ya mirgina maimakon ya tokare ƙasa da tafin hannu, kafin a fita da shi kan siminti malami na riƙe da hannayensa biyu. Yarinyar da ta zo tana rawar jiki, gyalenta na leƙowa ta ƙarƙashin hular kwano, takan ƙanƙame hannun malama har yatsunta su yi sanyi, sannan a zagaye na biyar ko na shida ta saki hannu ɗaya da kanta. Kada a gaggauta mata, kada kuma a bari sauran yara su yi mata dariya idan ta faɗi, domin wannan ƙarfin halin da take tarawa shi ne za ta shiga aji da shi ta ɗaga hannu ta yi tambaya.

Na biyar, a ɗaura wasan da karatu tun daga makon farko. Tsarin da Skateistan ta bi ga 'yan shekara 5 zuwa 17 shi ne sa'a ɗaya a filin zamiya, sa'a ɗaya a aji, inda ake zane da ƙere-ƙere da tattaunawa kan lafiya da muhalli da haƙƙin yara. Ga waɗanda ba su taɓa shiga makaranta ba ko suka daina, an yi musu shiri na musamman na kwana biyar a mako, wanda ke haɗa karatun aji uku na firamare a shekara ɗaya, sannan a taimaka a sa su a makarantar gwamnati. Wannan mataki yana bukatar bibiya bayan an sa yaro a makaranta, don a tabbatar yana zuwa, kuma idan ya ɓace kwana biyu a koma gidansu a ji dalili. Shirin da ya tsaya a wasa kaɗai zai faranta wa yara rai na ɗan lokaci, amma uban da ya ga 'yarsa ta karanta masa rubutun da ke jikin kwalin magani shi ne zai bar ƙanwarta ma ta zo.

Na shida, a fara miƙa aikin ga matasan da kansu da wuri. Ɗalibin da ya yi shekara ɗaya ko biyu sai a ba shi ƙananan yara ya taimaka wajen koya musu, a koya masa gyaran katako da taimakon gaggawa da rubuta rajista, a kuma biya shi idan ya zama ma'aikaci. Baƙo yana iya tafiya a kowane lokaci, tallafin ƙasashen waje ma yana yankewa ba zato, amma wanda aka haifa a unguwar yana nan.

Mataki na ƙarshe ya shafi halin da ake ciki tun ranar 15 ga Agusta 2021 da Taliban suka sake karɓe Kabul. An hana 'yan mata wuce aji shida, an rufe wa mata wuraren motsa jiki da wuraren shaƙatawa a watan Nuwamba na 2022, sannan jami'o'i a Disambar shekarar. 'Yan wasan ƙwallon ƙafa da na kurket mata da dama sun tsere zuwa Ostireliya. Wannan rashi ne babba da ke ci mini rai, domin 'yan matan da suka koyi sakin hannun malama su ne yanzu aka mayar cikin gida. Duk mai shirin aiki a yau dole ya sa tsaron yara da malamai a gaban komai: kada a wallafa hotunansu ko sunayensu a intanet, kada a ajiye rajistar da za ta jefa wani cikin haɗari, kuma kada a matsa wa malama ta yi abin da ita ce za ta ɗauki hukuncinsa. A cikin ƙasar ƙofar da ta rage ita ce ta samari da ta ƙananan yara 'yan firamare, sai a yi aiki ta hannun mutanen gari waɗanda suka san iyakar abin da zai yiwu a lardinsu.

A wajen ƙasar kuma akwai miliyoyin 'yan Afganistan a Pakistan da Iran, kuma tun ƙarshen 2023 ake mayar da dubban ɗaruruwansu gida ta iyakokin Torkham da Islam Kala, cikinsu har da yaran da ba su taɓa taka ƙasar ba. Ga irin waɗannan iyalai da ba su da tabbacin inda za su kwana a watan gobe, ya fi dacewa a tanadi kayan da ake iya ɗauka: katako goma da hulunansu a cikin buhu biyu, ƙwallon kurket da sandarsa, ƙaramin allon rubutu, da takardar shaidar karatun da yaro ya yi, wadda zai nuna a makarantar garin da aka kai shi.