Kurakuran da sababbin malaman tarihi ke maimaitawa a ƙaramar sakandare

Tun da aka dawo da tarihi cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, makarantun unguwanninmu a Legas suka shiga neman wanda zai koyar da shi. Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, dabarar ɗaya ce: a duba malamin da darussansa ba su da yawa, a miƙa masa littafi, a ce gobe ya shiga aji ɗaya. Yawancin matasan nan su kansu ba su yi tarihi ba, domin sun yi makaranta ne a shekarun da aka narkar da shi cikin darasin zamantakewa. Ban ga laifinsu a nan ba. Abin da ya ishe ni shi ne, duk sabon zango sai an kawo mini littafin shirin darasi in duba, in tarar da kurakuran bara suna nan daram, hannun da ya rubuta kawai ya canza.

Babbansu yana layin farko, wurin manufar darasi. Sai ka ga an rubuta: "A ƙarshen darasi ɗalibai za su san tarihin Legas." Su san me? Da me za ka gane sun sani? Malamin da ya rubuta haka, abin da zai yi a aji sananne ne. Zai juya wa yara baya ya cika allo, su kwafa, a buga ƙararrawa. Ranar Juma'a ya ce su rufe littafi su rera: 1851, 1861, 1914, 1960. Za su rera kuwa, don yaranmu sun saba da hadda tun daga makarantar allo, kuma shi zai fita yana jin ya yi aiki.

Wannan hanya ta taɓa cinye mini aji guda. Yara ne masu ƙoƙari, ba shekarar da ba su haddace ba. Da jarrabawar gwaji ta zo daga waje, sai ga tambaya: me ya sa jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa Legas wuta? Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajin ta rubuta 1851 da lambobi manya, ta ja layi biyu a ƙasa, ta bar sauran shafin fari fat. Haka kusan duk ajin. Ba wanda ya iya cewa sarauta ake ja tsakanin Kosoko da Akitoye, Turawa suka mara wa Akitoye baya da sunan hana cinikin bayi, alhali idonsu na kan tashar ruwa da kasuwar manja. Ba wanda ya ga cewa harbin 1851 shi ya share hanyar da aka bi aka sa Sarki Dosunmu ya sa hannu ya miƙa garin a 1861. Iyaye suka zo ofis da takardun a hannu, aka karɓe ajin daga hannuna, yaran kuma suka shiga aji uku da kai cike da lambobi.

Tun daga nan na tsayar wa kaina tambayoyi uku, kuma manufar da ba ta taɓa ko ɗaya daga ciki ba, soke ta nake yi: me ya riga me, me ya jawo shi, ta ina muka sani. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya duka ukun in an ba shi dama. Maimakon "su san tarihin Legas", rubuta: "ɗalibi ya faɗi dalilai biyu na harin 1851, ya kuma nuna yadda ya kai ga 1861." Wannan kana iya gwada shi kafin a tashi.

Abin da nake amfani da shi igiyar shanya ce. Ina ɗaura ta daga wannan taga zuwa waccan a bayan aji, in yanka kwali, kowane yaro ya rubuta abu ɗaya ya maƙala a gurbinsa. Ba na cire ta har ƙarshen shekara. Wasu malamai na cewa ɓata lokaci ne, ni kuwa ban ga abin da ya fi ta aiki ba. Ranar da aka rataya 1861 aka kuma rataya 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, wani yaro ya auna tsakaninsu da taƙinsa ya ce, "Malam, ashe Legas ta yi shekara 42 a hannun Bature kafin ya isa garinmu?" Na ce ya ƙara kwali biyu: makarantar sakandare ta mishan da aka buɗe a Legas a 1859, da makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano, 1909. Shekara 50 cif. Daga ranar, in an ce Arewa na baya a boko, yaran nan sun san tambayar da za su yi, ba su ƙara sunkuyar da kai kamar wani abu ne a jininsu ba.

Kuskure na biyu shi ne ke tayar mini da hankali, kuma ina so ku ji ni da kyau, ƙannena. Ajin Legas ba ajin Funtuwa ba ne. Ko a makarantar da Hausawa suka fi yawa, a benci ɗaya akwai ɗan Bayarabe, akwai ɗiyar Ibo mai shago a bakin titi, akwai Babarbare, akwai ɗan Nijar. Ka shiga irin wannan aji ka ɗauko labarin 1966 yadda ka ji shi a majalisar mai shayi, da "su" da "mu", wallahi wuta ka kunna ka fita.

An yi haka a wata makaranta da nake kula da sashen. Sabon malami ya ba da labarin juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, ya lissafa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, ya ambaci ƙabilar da ya ce ita ta kashe su, aka buga ƙararrawa, ya ce sauran sai mako mai zuwa. Kafin a dawo daga tara an fasa wa wani yaro baki. Washegari mahaifiyarsa ta zo, ba ta ɗaga murya ba, ta ce da ni, "Malam, kakarsa a yaƙin nan ta rasa 'ya'ya, yunwa ta kashe su. Wannan ma za ku koya musu?" Ta cire yaranta, wasu iyayen suka bi bayanta, kuma sai da aka yi zanguna kafin ajin ya koma zama wuri ɗaya. Har yau in na tuna tsayuwar matar nan a ƙofar ofis sai raina ya ɓaci.

To me kuke nema da 'ya'yan mutane? An ba ku su ne don ku gada musu gabar da ba su san mafarinta ba? Wasu kuma don tsoro sai su tsallake babin gaba ɗaya, wanda shi ma ha'inci ne, don yaron zai ji labarin a Facebook daga bakin wanda bai damu da gaskiya ba. Ni ga yadda nake yi, ko da wasu ba su yarda ba. Ina haɗa darasi biyu a rana ɗaya, ba na barin labarin ya kwana a tsakiya. A Janairu an kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna, an kuma kashe Akintola, Firimiyan Yamma, da Okotie-Eboh, Ministan Kuɗi. A 29 ga Yuli an kashe shugaban ƙasa Janar Ironsi tare da Fajuyi, gwamnan da ya sauke shi a Ibadan. A shekarar an kashe Ibo da yawa a garuruwan Arewa, wannan ma da bakina nake faɗinsa, ni Bahaushe. Yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1967, ya ƙare a Janairu 1970, yunwa ta hallaka yara ba adadi a Gabas. Dokata a aji ita ce a kira sunan mutumin da ya aikata abu, ba a kiran sunan ƙabila. Wanda ya ce "su ne suka yi", sai in ce, su wa? Kawo suna. Haka nake yi da jihadin 1804 da maganar Ilori da Afonja, sarkin yaƙin Yarabawa na garin: a faɗi abin da Shehu Usmanu ya yi kira a kai, a kuma bar ɗan Bayarabe ya faɗi yadda ake ba da labarin a gidansu, sannan a tambaya kowanne daga ina ya samo.

Sai masu raba tarihin duniya da na ƙasa kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Yaƙin Duniya na Biyu a wurinsu Hitila ne da Jamus, 1939 zuwa 1945, shi ke nan. Alhali yaron da ke gabanka yana wuce barikin Arakan a Apapa, ko barikin Myohaung a Yaba, kuma sunayen wurare ne a ƙasar Bama inda sojojin Afirka ta Yamma, da Hausawa birjik a cikinsu, suka gwabza da Japan. Daga allon barikin za ka fara, ka ƙare a Asiya. Cinikin bayi na Tekun Atalantika ma haka: Badagiri na nan kusa, kuma a 1835 bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa, sun yi bore a Bahiya ta Barazil, wasu kuma daga can suka dawo suka zauna a tsibirin Legas. Hajjin Mansa Musa na 1324 ka rataye shi kusa da zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji, yaro zai ga hanyar da malamai da fatake suka bi. Wani gyara kuma: ku daina cewa a taron Balin na 1884 zuwa 1885 aka zana iyakar Najeriya. A can an shimfiɗa ƙa'idojin rabon ne. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi yarjejeniyoyi ne tsakanin Ingila da Faransa daga baya.

Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, da na Oduduwa na Yarabawa, a koyar da su, amma a gaya wa yaro labaran kafuwa ne da aka gada daga baka, kuma hujjarsu daban take da ta gumakan yumɓu na Nok da aka tono daga ƙasa. Kada a saka wa Bayajidda shekara a jarrabawa. Kada kuma in ƙara ganin tambayar wa ya gano Kogin Kwara. Baturen nan Mungo Park ya iso bakinsa a 1796 ya tarar da mutane na kamun kifi a ciki.

Akwai wanda ke ba ni takaici na daban: malami Bahaushe a Legas ya gama shekara uku da yara bai taɓa gaya musu yadda kakanninsu suka zo garin ba. Yaran nan ana ce musu baƙi a bakin famfo. Su san cewa rundunar da Glover, wani jami'in Ingila, ya kafa a nan a 1863, wadda sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta, da Hausawa aka kafa ta. Su san jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, shanu na gangarowa, goro na haurawa, kuma cinikin goro na cikin abin da ya zaunar da mutanenmu a Agege. Aikin gida da nake bayarwa a nan shi ne kowa ya sami dattijo a gidansu ko a masallacin unguwa ya tambaye shi: Baba, wace shekara ka zo, a me ka zo, wa ya sauke ka? Ya rubuto shafi ɗaya. Ɗan Bayarabe da ɗan Ibo su ma su yi, don da yawansu iyayensu daga wani gari suka zo. Wannan aiki shi ne amsar tambaya ta uku, ta ina muka sani, domin yaro da kansa zai ga dattawa biyu sun saɓa a kan abu ɗaya, ya rasa wa zai gaskata, ya zo ya tambaya.

Ragowar ƙanana ne. Darasin tarihi ba taswira a bango, ban san me ake koyarwa ba; in makaranta ba ta saya ba, ka zana a kwali. Shekara ta ƙare ba a ambaci mace ko ɗaya ba, ga Nana Asma'u, ga Madam Tinubu da dandalinta ke tsakiyar gari, ga Funmilayo Ransome-Kuti, ga matan Aba na 1929. Abin da aka turo maka a WhatsApp ba ya hawa allo sai ka gan shi a littafi. In yaro bai gane da Turanci ba, warware masa da Hausa, sannan ka mayar da shi Turancin da zai rubuta jarrabawa da shi. Kada a ce Abuja ce babban birni tun 1960. A filin sukuwa na Legas aka sauke tutar Ingila, kuma sai Disamba 1991 gwamnati ta ƙaura. In za ku kai yara gidan tarihi na Onikan, kowa ya tafi da tambayoyi uku a takarda, in ba haka ba hoto kawai za a ɗauko.

Jarrabawarka kuma ita ke tona manufarka. In duk tambayoyin cike gurbi ne, hadda ka koyar, ko me ka rubuta a littafin shiri. Ni a kowace jarrabawa rabin maki na kan tambaya biyu: ɗaya ta fara da "me ya sa", ɗaya kuma in ba su abubuwa biyar a hargitse su jera su, su faɗi wanne ya haifi wanne. Gyaran takardun ya fi cin lokaci, musamman a ajin da ya cika maƙil, don haka nake rage yawan tambayoyin, in kuma gaya wa shugaban makaranta tun farkon zango cewa makin tarihi zai riƙa zuwa a makare da kwana ɗaya ko biyu.