Wasiƙa ɗaya, ɗalibai arba'in: kurakuran sababbin malaman sadarwar aiki da kasuwanci

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da sadarwar aiki da kasuwanci a Garwa da ke arewacin Kamaru, wani zangon kuma in leƙa Marwa in taya abokai. Tun da aka kafa jami'ar Marwa a 2008, aka ƙara da ta Garwa a 2022, ga makarantu masu zaman kansu suna ta tsirowa kamar ciyawar damina, darasin nan ya samu malamai da yawa. Galibinsu matasa ne da ke ganin ai abu ne mai sauƙi: magana ce da rubuta wasiƙa, wa bai iya ba? Duk shekara ina kallonsu suna faɗawa ramukan da na faɗa. Na gaji da jan su gefe ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta, mai ji ya ji.

Ramin farko shi ne rubuta samfurin wasiƙa a allo a ce wa ɗalibai su kwafa. Ni ma haka na yi a shekarata ta biyu, har ina jin kaina. Na tsara takardar neman gurbin koyon aiki da Faransanci mai ƙyalli, na buɗe ta da layin nan da duk ɗan Kamaru ya haddace, «J'ai l'honneur de venir très respectueusement auprès de votre haute bienveillance», wato ina gabatar da kaina cikin ladabi gaban alherinku, na ƙirƙiro sunan kamfani don misali, na bar ɗigo-ɗigo inda za a cike. Suka kwafa tsaf, na duba littattafai, na raba maki.

Bayan wata biyu wani abokin yayana, mai kula da ma'aikata a wani kamfanin sufuri, ya aiko a kira ni. Dama shi ke karɓar mini ɗalibai huɗu ko biyar kowace shekara, don mutunci kawai. Na shiga, muka gaisa, bai ce in zauna ba. Ya jawo aljihun tebur ya zube takardu, ya baje su kamar mai shanyar kuɓewa. Arba'in da 'yan kai. Layin farko iri ɗaya, na biyu iri ɗaya, har waƙafin da na sa ba a wurinsa ba yana nan a cikin kowace. Bakwai sun bar sunan kamfanin da na ƙirƙiro a allo. Ɗaya ma ɗigo-ɗigon ya kwafo, bai cike ba. Ya dube ni ya ce, “Ƙanena, mutum nake nema, ka aiko mini da kanka sau arba'in. A cikin nan wa ya san mota muke da ita ko jirgi?” Shekarar bai ɗauki ko ɗaya ba, ta gaba ma haka. Sai da yaya ya sa baki kafin ƙofar ta sake buɗewa.

Laifin nawa ne, ba na yaran ba. Tun firamare an saba musu da cewa abin da malam ya rubuta a allo shi ne daidai, wanda ya canza kalma ya sha ja. In ka ba su samfuri, ka ba su abin haddacewa ke nan. Yanzu ba na rubuta wasiƙa a allo sam. Ɗalibi zai tashi tsaye ya amsa mini tambaya huɗu da baki, da Hausa ko Fulatanci ko duk yaren da tunaninsa ke gudu a ciki: wane ne kai, me kake so, daga yaushe zuwa yaushe, me ya sa nan wurin ba wani ba? Ta huɗun ce ke kayar da su. Wanda ya kasa, sai in tura shi ya je ya tsaya a ƙofar wurin, ya ga me ke shiga me ke fita, ya tambayi mai gadi sunan ofishin da ke karɓar takardu. In ya dawo ya amsa, to sai ya zauna ya mayar da amsarsa Faransanci. Wasiƙar kan fito gajera, wani lokaci da gurguwar jimla, amma tasa ce. Gyaran nahawu aikin minti biyar ne. Wasu abokan aikina na cewa ina ɓata mako uku a kan abin da suke gamawa a awa ɗaya. Gaskiya ne, ina ɓatawa.

Tun da ana maganar takarda: a faɗa wa yara tambur, wato kan sarkin haraji da ake mannawa, na takardun da za su ofishin gwamnati ne. Tun 2023 kuɗinsa sefa 1,500, kuma ina ganin ɗalibai suna manna shi a wasiƙar da za su kai wa ɗan kasuwa. Asarar kuɗin abinci ce kawai.

Rami na biyu ya fi wancan zurfi, kuma tun kafin in zama malami na faɗa shi. A unguwar Birkitari ta Yawunde na tashi, na yi boko da Faransanci, Hausata ta gida ce da masallaci, ba ta kasuwa ba. Da na gama karatu aka turo ni Garwa wurin kawu, mai harkar hatsi, in riƙe masa lissafi. Wata rana ya ce in nemo motar da za ta kai buhu 120 na masara Ngaundare, inda jirgin ƙasa ke ɗauka zuwa kudu. Na samu direba a waya, na tambayi kuɗin buhu, ya ce ɗari uku. Na rubuta 300 a littafi, na buga lissafi ya ba ni sefa 36,000, na ce na yarda, a yi lodi. Har ina murna na yi wa kawu ciniki.

Da dala mutumin yake magana. Dala ɗaya sefa biyar ce, ɗari ukunsa kuwa sefa 1,500 ne, jaka ɗaya da rabi. Kuɗin mota sefa 180,000, ni kuma na riga na sayar wa mai karɓar kayan a kan lissafin 36,000. Bambancin, sefa 144,000, daga aljihun kawu ya fita. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, “Ɗan nan, tafiyar da ta haura kilomita 250, ga hawan dutsen nan kafin a shiga Ngaundare, ko jaki ne zai kai maka buhu a wannan kuɗin? Ina bakinka yake da ba ka sake tambaya ba?” Wata huɗu ina aiki ba albashi.

To ku gaya mini, malamai, a cikin darasinku na awa talatin, ina aka koya wa ɗalibi ya maimaita farashi kafin ya ajiye waya? Kuna ta zana musu hoton mai aikawa da mai karɓa da saƙo da kibiyoyi, suna haddacewa suna cin jarrabawa, sannan ku sake su cikin kasuwar da ake ciniki da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa, ake ƙirga kuɗi da dala, abokin ciniki daga Mubi ko Yola ya ce dubu goma yana nufin naira. Kun shirya su ne don wani ofishi mai sanyi da yawancinsu ba za su taɓa zama a ciki ba. Wanda ya samu aiki a Sodecoton, kamfanin auduga, ma, da manoman auduga zai yi magana a ƙauye, ba da Faransanci na littafi ba. Ƙa'idata a aji guda ce, kuma ina nanata ta har su gaji da ni: duk lambar da aka faɗa da baki, kuɗi ne ko rana ko adadin kaya, ka maimaita ta ga mai ita, ka faɗi da wane kuɗi, sannan ka tura masa ita a rubuce ta WhatsApp da alƙaluma kafin ka yi wani abu. “Alhaji, kamar yadda muka yi: buhu 120, kowane sefa 1,500, lodi ranar Talata.” Layi ɗaya. Wasu dattawa za su ce ba ka yarda da su ba ne? Sai a koya wa yaro ya ce, “A'a ranka ya daɗe, don kaina na rubuta, ni ne mai mantuwa.” Ba wanda ke jin haushin wannan.

Akwai kuma masu ɗauko littafin da aka rubuta a Faransa su zazzage wa yara yadda yake: kalli mutum cikin ido, miƙa hannu da ƙarfi, tafi kai tsaye ga magana. Yaron da aka rena da sunkuyar da kai gaban manya, yarinyar da aka koya mata kunya tun tana goye, ka ce su zura wa sa'an ubansu ido? Ko su kasa, ko su yi inda bai dace ba. Na san ɗalibin da ya shiga rumfar wani attajiri ya miƙa hannu yana tsaye ƙerere, ko lafiyar iyali bai tambaya ba ya fara zuba bayanin hajarsa. Attajirin ya bar shi ya gama, ya ce Allah ya ba da sa'a. Ni nakan koyar da biyun in ce su karanta ɗaki. Gaban masu tantance ma'aikata ka ɗaga kai, ka ɗaga murya, gaisuwa ɗaya ta isa. Gaban Alhaji ka rage tsawo, ka gaisa har ta ƙare, ka jira ya ce me ke tafe da kai. Batun musabaha tsakanin mace da namiji kuwa, kada malami ya tilasta wa kowa. Hannu a ƙirji da ɗan rusunawa gaisuwa ce cikakkiya, in aka yi ta da sakin fuska.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Adireshin imel mai laƙabin wasa, a canza shi tun ranar farko. Kada ɗalibi ya yi wa mai ɗaukar aiki bip, wato ya kira ya katse, yana jiran a kira shi. In ba kuɗin waya, ya tura rubutu. Saƙon murya na minti shida ba wanda zai saurara. Lambar da aka sa a takarda ta zama wadda ke kunne, ba ta ƙanwa ba. Abin da ya fi ba ni takaici a ƙananan nan shi ne takardar bayanin kai da za ka ga an rubuta Faransanci da guntun Ingilishi a wurin harsuna, an ɓoye Hausa da Fulatanci da Barbarci kamar abin kunya. Alhali ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jihar Arewa Mai Nisa, irin masu hidima a sansanin Minawao da aka buɗe a 2013 don 'yan gudun hijirar Najeriya, masu jin waɗannan harsunan suke buƙata. Sai malami ya ce a rubuta su kafin yara su yarda abin rubutawa ne.

Na bar jarrabawa a ƙarshe don a nan ake yi mini musu. Ba a auna magana da biro. Na san aji na iya kai mutum ɗari biyu, na san gajiyar. Duk da haka rabin makina na baki ne. Kujera biyu nake ajiyewa a gaban aji, baya da baya, don kada su ga fuskar juna, kamar a waya. Ɗaya mai saye, ɗaya mai sayarwa, minti biyu. Nakan raɗa wa mai sayarwa ya faɗi kuɗi a dunƙule, ya ce a zo gobe ba tare da faɗin lokaci ba. Wanda ya ajiye waya bai tambaya ba ya faɗi, ko da Faransancinsa ya fi na mutanen Faris.

A zangon da ya wuce akwai wata yarinya 'yar Gidar da ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Abokin karawarta ya ce mata albasa buhu dubu huɗu, ya yi shiru yana jiran ta amsa. Ta ɗan jima tana murza bakin mayafi, har na fara rubuta mata sifiri. Sai ta ce, a hankali, “Yayana, dubu huɗun nan da dala ne ko da lissafin takarda? Kuma buhun babba ne ko ƙarami?” Batun girman buhu ni kaina ban shirya shi ba. Na soke sifirin, na ƙara tambayar a cikin takardar da nake raɗa wa masu sayarwa.